Igiyar da Na Karɓo a Ƙasar Korgom

Maraɗi zuwa Mayahi

Ana idar da sallar asuba maigidana ya sauke ni a tasha, yana ta mita wai mace mai jikoki ba ta da abin nema a cikin yashin Mayahi. Na ce masa ya koma ya sha kununsa tun bai huce ba. Shekara ashirin da wani abu na yi ina riƙe da alli, yanzu kuma sababbin malamai nake horarwa a nan Maraɗi, amma tambaya guda ta hana ni sakat: me ke sa wani yaro ya nace wa lakwal, wato makarantar boko, ɗan'uwansa kuma ya ajiye ardwazi, ɗan allon rubutunsa, ya kama gabansa? Na gaji da karanta amsar a littattafan mutanen da ba su taɓa shiga ajin kara ba. Kuma in faɗi gaskiya, ni kaina aikin ya fara fita raina. Sai na roƙi izinin mako guda, na buga takardun tambayoyi cike da jaka, na ce bari in je in ji daga bakin yaran.

Motar Hiyas ce, wadda aka cusa mu ciki har da buhunan siminti a ƙarƙashin ƙafafunmu. A bakin gari jandarma suka duba kartidante, katin shaidar kowa. A Cadawa muka bar babbar hanya muka yi arewa. An gama girbi, amalanke sai wucewa suke da damman hatsi, rumbuna sun sha sabon jinka. Direba ya tambaye ni ko biki za ni, na ce aiki. Da ya ji irin aikin sai ya yi dariya, ya ce in na gano maganin in sayar masa, yana da biyu a gida da sai da bulala suke fita.

Da hantsi muka shiga Mayahi. Na kai takardata ofishin ansifekta mai kula da makarantu aka buga mata hatimi, na ci waina da miya a bakin kasuwa, sannan aka haɗa ni da wani ɗan kabu-kabu mai suna Lawali. Muka yi ciniki, kuɗin esansi, man babur, a kaina.

Kanan-Bakashe

Lakwal ɗin farko da na shiga tana wani ƙauye gab da Kanan-Bakashe. Ashe labarin zuwana ya riga ni. An share fili, an yayyafa ruwa, an sa yara sun wanke ƙafafu. Direkta, shugaban lakwal ɗin, bawan Allah, ya ɗauka duba aikinsa na zo yi, don haka ya kwana biyu yana shirya su. Ina shiga suka miƙe suka rera mini gaisuwa da faransanci. Na tambayi na farko me ya sa yake zuwa lakwal, ya ƙame ya ce yana son ya zama dokta don ya taimaki ƙasarsa. Na biyu ma dokta. Ta uku dokta. Kafin in kai layin baya na tara likitocin da za su ishi jihar Maraɗi har a ba maƙwabta aro.

Yaro ɗaya ne ya kuɓuce wa shirin. Ya ce shi dai in ya zauna gida rijiya za a tura shi, kuma rijiyarsu gaba ashirin ce. Direkta ya zare masa ido, ni kuwa na ji kamar in goya shi. Haka na wuni, lakwal uku, amsa iri ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da yaran ba, da kaina da na zaci takarda za ta buɗe bakin ɗan ƙauye gaban baƙuwa.

Masaukina gidan wata malama ne, Madam Hadiza, wadda na taɓa koyarwa a makarantar horon malamai. Bana aka dawo da ita nan daga wani ƙauye na ƙasar Korgom, saboda mijinta da surukarta marar lafiya. Bayan magariba ta kawo tuwon hatsi da miyar kuka, na zauna ina zazzage mata takaicina. Ta saurara, sannan ta ce in da gaske nake nema, akwai yarinyar da ya kamata in gani, in dai ban makara ba.

Sunanta Hajjo, ɗiyar wani Bafillace ce mai suna Buba. Shekara biyar da suka wuce Hadiza ta yi ta zarya zuwa rugarsu tana roƙon a sa yarinyar lakwal, uban yana ba ta fura yana sallamarta. Ran nan ya ce mata shi bai san wani abu wai shi lakwal ba, amma ya san habbanaye. Wanda bai zauna da Fulani ba, habbanaye shi ne mutum ya ba amininsa karsana ko tunkiya ta zauna hannunsa. Abin da ta haifa na mai riƙo ne, uwar kuma in an yaye ƴaƴan sai a maido ta ga mai ita. Ba a rubutawa, ba a biya, amana ce tsakanin mutum biyu. Buba ya ce in ta yarda ta karɓi ɗiyarsa a kan wannan, to. Ta yarda. Ya miƙa mata guntuwar igiyar ɗaure maraƙi gaban shaidu, Hajjo ta shiga aji.

Na ce, "Hadiza, yarinya ce fa, ba saniya ba."

Ta ce, "Madam, a wurin Buba ba abin da ya fi wannan daraja. Ni ce dai na saki igiyar."

Da takardar canjin wuri ta zo mata, dole ta mayar masa da igiyarsa. Bai yi faɗa ba, godiya ma ya yi. Amma ya ce tunda mai riƙo ta tashi, ran kasuwar Korgom ta farko bayan shanu sun cinye karan gonaki zai ɗauki ɗiyarsa su yi kudu. Hajjo tana ajin ƙarshe, jarrabawa na gabanta a ƙarshen shekara. Hadiza ta ƙirga a yatsunta, ta ce kasuwar gata ce. Tana faɗa tana share ido da bakin zanenta.

Tasawa

A tsarina Urafan ya kamata in nufa daga nan, har an sanar da wani direkta can. Na kira shi na ba shi haƙuri. Lawali ya ce shi bai taɓa wuce Tasawa da babur ba, amma in zan ƙara masa jaka biyu a kan kuɗin da muka yi ciniki zai koyi hanya. Na ce masa ɗaya da rabi, kuma in ya kayar da ni a yashi sai ya biya ni kuɗin man zafi.

Sau biyu ya kusa cin tarar. Akwai wuraren da sai na sauka na taka da ƙafa yana tura babur, takalmina a hannu. Muka isa Tasawa da azahar, bayana kamar an daka. Na kwana gidan ƙanwar maigidana, wadda ta dube ni sama da ƙasa ta ce ko gwamnati ta rasa samari ne. Ta dafa mini ruwan zafi, ta kawo kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Na yi niyyar in duba takardun likitocina, na buɗe jakar, na sake rufewa.

Korgom

Washegari muka kama hanya da sanyin safiya. A Korgom muka tambaya, wani mai faci ya kwatanta mana ƙauyen: a bi sawun amalanke gabas, in an wuce rijiya mai gwafa biyu a karya dama. Duk gonakin da muka ratsa shanu sun sauka cikinsu suna cin kara, masu gona na murna da taki. Karan kuwa ya kusa ƙarewa, wannan ko ni baƙuwa na gani.

Lakwal ɗin aji biyu ne na siminti, sauran na kara. Direktan saurayi ne, mai kirki, da ganinsa a gajiye yake. Na ce kada ya tara mini kowa, Hajjo kawai nake nema. Ya ce an tashi, amma gidan kakarta na bakin gari, can take zaune tun da ta fara lakwal.

Na same ta bayan bukkar tsohuwar. Siririya ce, doguwa, ba za ta wuce sha uku ba. Ta share ƙasa ta yi sumul, yara biyu ƙanana na durƙushe gabanta, namiji da mace, kowane da tsinke a hannu suna zane a kan yashi. Da ta gan ni ta kore su da Fulatanci, ta shafe zanen da tafin ƙafa, ta kawo mini tabarma da ruwa. Na ce Madam Hadiza ce ta aiko ni. Sai ta juya ta gyara tabarmar da ba ta karkace ba, ta daɗe tana gyarawa.

Ban fito da takarda ba. Muka yi hirar kakarta, da akuyar gidan, da lissafin raba lamba da ta ce yana ba ta wuya. Can na tambaye ta abin da na baro Maraɗi dominsa. Na ce ga nisa da iyaye, ga surfe da ɗiban ruwa kafin a tafi aji, ga ƙawayenta duk sun bari, ita me ya riƙe ta?

Ta ce, "Madam, ni habbanaye ce. In aka maido habbanaye ba ta haifi komai ba, kunyar mai riƙo ce. Sai a ce ba ta iya kiwo ba. Ba na son a faɗi haka ga Madam Hadiza."

Ba dokta, ba ƙasa, ba komai. Yarinya tana tashi tun duhu don kada a zagi malamarta a ruga. Na yi shekaru ina koya wa malamai dabarun jawo hankalin yara, da waƙa da wasa da kyautar alawa, ban taɓa gaya musu wannan ba, don ban san shi ba. Na ji tausayinta, na kuma ji wani abu mai kama da kishi, don ban tabbata akwai ɗalibin da ya taɓa ɗaukar mutuncina a kansa haka ba.

Na tambaye ta ko ta san gobe ne. Ta ce ta sani, har ta wanke kayanta. Na ce to me za ta yi? Ta ce Baba ba ya ƙarya kuma ba ya zalunci, abin da al'ada ta ce shi yake bi. Ta roƙe ni abu ɗaya, in zo wurin maganar, don ita ba za ta iya buɗe baki gabansa ba sai in da wanda za ta yi magana da shi.

A ɗakin da Hadiza ta bari na kwana. Matar maigari ta aiko da dambu, Lawali ya cinye fiye da rabi.

Ranar kasuwa

Da hantsi muka tafi, ni da direkta da Hajjo da kakarta, a amalanken wani maƙwabci. Yaran nan biyu na jiya suka maƙale a baya. A gefen kasuwar dabbobi, ƙarƙashin wani gawo, muka tarar da Buba da ƙaninsa da wasu dattawa biyu. Mutum ne mai natsuwa, sandarsa a kafaɗa, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya sa aka dama mana fura da nono mai sanyi. Gaisuwa kaɗai ta ci lokacin da za a dafa shinkafa.

Direkta ya fara, ya ce lakwal na nan ba ta tashi ba, ita za ta riƙe yarinyar. Buba ya ce ya ji, amma shi bai taɓa ganin lakwal ta zo suna ko ta zo gaisuwar mutuwa ba, kuma in abu ya sami yarinyar nan bai san ƙofar da zai buga ba. Ko sau ɗaya bai ambaci sunanta ba, ɗiyar fari ce, sai dai ya ce yarinyar nan.

A nan ne bakina ya yi abin da ya saba. Na gyara zama na kawo masa doka, na kawo haƙƙin yara, na ce ana iya kai magana gaba. Na ga fuskokin dattawan sun rufe. Buba ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Hajiya, doka ba ta taka zuwa rugata ba. Madam Hadiza ce ta taka, kuma ita na ba." Ya ɗauki sandarsa ya aza a gwiwa, alamar magana ta ƙare. Na ji kunya, na san na ɓata.

Sai na ji an taɓa gefen mayafina. Hajjo ce, kanta a sunkuye, muryarta can ƙasa, amma kowa na ji.

Ta ce, "Madam, ki tambayi Baba, abin da habbanaye ta haifa a hannun mai riƙo, na wane ne?"

Na maimaita tambayar kamar bai ji ba. Ya ce na mai riƙo ne, wannan ko yaro ya sani.

Ta yafito yaran nan biyu. Namijin ƙaninta ne, Sambo, macen kuma Dije, ɗiyar ƙanin Buba da ke zaune nan. Ta share ƙasa da hannu ta ba su tsinke. Sambo ya lanƙwasa harshe waje, ya rubuta sunansa, ya rubuta na ubansa. Dije ta rubuta lambobi har ta kai gindin gawo. Sannan Hajjo ta nuna wani buhun dusa da ke jingine kusa, Sambo ya bi rubutun jikinsa da yatsa, yana haɗawa da ƙyar, har ya fitar da kalmar. Ashe tun hutun damina take koya musu a wurin kiwon maruƙa, da suka sauko kusa da gari kuma kullum da yamma suna zuwa gidan kaka. Ba wanda ya sani sai tsohuwar.

Ta ce, "Ki gaya wa Baba waɗannan a hannun Madam Hadiza aka haife su, na lakwal ne. Ki kuma tambaye shi, ana maido uwa tun ba a yaye ƴaƴanta ba?"

Wannan karon ban maimaita ba. Ɗaya daga cikin dattawan ya fara dariya a cikin rawaninsa. Ƙanin Buba ya ce wani abu da Fulatanci, daga baya aka fassara mini, wai sun zo karɓar ɗaya an ci su biyu. Buba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon sunansa a ƙasa, wanda ba ya iya karantawa, har ya tambayi direkta ko da gaske shi ne. Aka ce shi ne. Ya kawar da kai gefe, ya goge fuska da hannun riga.

Ya ce ba a maidowa. Yarinyar nan ta faɗi daidai, za ta zauna har a yaye su, su ma za su zauna wurin kakarsu. Amma maganarsa ta farko tana nan: wa zai riƙe? Ya zaro guntuwar igiyar daga aljihu ya ajiye a kan tabarma.

Direkta ya sunkuyar da kai, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma bai san inda takarda za ta jefa shi baɗi ba. Igiyar tana nan ajiye, ƙuda na sauka a kanta. Na dubi Hajjo, ta yi iyakar abin da yarinya za ta iya, saura na manya. Ban yi shawara da kowa ba, na ce ni zan riƙe.

Buba ya tambaye ni ina nake kwana. Na ce Maraɗi. Ya ce da nisa. Na ce shanunsa suna zuwa inda ya fi Maraɗi nisa da damina, kuma ban ji ya manta da ko ɗaya ba. Ya ɗan murmusa. Ya ce in aka yi haihuwa gidansa zan zo? In aka yi rashi fa? In yarinyar nan ta kwanta ciwo aka kira ni? Na ce zan zo, kuma duk farkon zango da ƙarshensa za a gan ni a ƙauyen, in Allah ya ba ni rai da lafiya. Ya dubi dattawan, suka ce sun shaida. Ya miƙo igiyar da hannu biyu, na karɓa da hannu biyu, aka shafa fatiha.

Da za mu rabu Hajjo ta raka ni har inda Lawali ya jingine babur. Na ce mata ta yi ƙoƙari, amma yaran nan da kaifin kai, ba za su daɗe ba su tsaya da ƙafafunsu, to daga nan fa? Ta waiga ta tabbata ba mai ji.

Ta ce, "Madam, akwai wasu biyu a ruga, yanzu suka fara tafiya. Kuma Inna na da ciki."

Na yi dariya har da hawaye, Lawali yana tambaya ko lafiya.

Komawa gida

A Tasawa na sallami Lawali, na cika masa jaka biyun da ya nema tun farko, ya ce in zan koma in kira shi, yanzu ya san hanya. Daga nan na kira Hadiza na gaya mata. Ta miƙa wa mijinta wayar, shi ne ya yi mini godiya. Na sami mota mai zuwa Maraɗi, muka bi ta Gazawa da Agye da Cadawa, ana kiran la'asar muka shiga gari.

Maigida ya tarbe ni a tasha. Ya ɗaga jakar takarduna ya ce yadda ta tafi da nauyi haka ta dawo, ina sakamakon binciken? Na ciro igiyar na nuna masa. Ya jujjuya ta, ya shinshina, ya ce warin maraƙi take yi. Na ce ya saba da shi, kuma ya fara tanadin kuɗin mota, don yanzu yana da dangi a ƙasar Korgom.

Ranar Litinin na shiga aji wurin malamaina masu koyo, na ajiye igiyar a kan tebur, muka yi awa biyu ba wanda ya duba agogo. Ni ma rabon da in ji daɗin aji haka na manta.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Hadiza da ta nuna mini hanya, da Lawali da bai kayar da ni ba, da duk gidan da ya ba ni ruwa da tabarma. Igiyar tana rataye a ƙusa kusa da ƙofar ɗakina, inda nake ganinta kullum in zan fita. Jiya direktan ƙauyen su Hajjo ya kira, ya ce matar Buba ta sauka, an sami mace, suna ranar Alhamis. Na riga na sayi turmin atamfa da sabulu, na kuma kira Lawali.